FILIN MANOMA: Ziyarar Gonakin Inabi Na Faransa A Bazara

Duk wanda ya bi ta wajen masu sayar da kayan marmari a Gusau ya san inabi. Ana zuba shi cikin 'yan robobi, nono ɗaya ko biyu, kuɗinsa kuwa sau da yawa ya fi na tiyar dawa. Galibinsa daga Afirka ta Kudu da Masar a ke kawo shi, ya sha doguwar tafiya cikin sanyi kafin ya iso hannunmu. Manomi mai tunani in ya ga haka lalle ya tambayi kansa, shin abin nan ba zai yi a bakin Gulbin Sakkwato ba, nan Gusau ko Bunguɗu, ko a fadamun Tsafe? Wanda Allah Ya hore wa kuma ya kan ce, bari in ɗauki hutun bana in tafi Faransa, inda a ka shahara da wannan noma, in gano wa idona.

Wannan niyya ce mai kyau, gama gani ya kori ji. Amma tafiyar tana cin kuɗi ƙwarai, kuma tana faɗowa daidai lokacin da gona ke neman mai ita. Saboda haka a wannan mako za mu duba yadda a ke shirya ta, watau ran da ya kamata a tashi, da wurin da ya kamata a nufa, da abin da za a sa wa ido in an isa, don mutum ya komo da abin da ya fi hotuna.

Akwai magana ɗaya da za mu fara kawarwa. Mafi yawan inabin Faransa giya a ke yi da shi, giya kuwa haram ce ga Musulmi, nan Zamfara ma doka ta hana sayar da ita tun 2000. Abin da ya shafe mu shi ne inabin ci da na zabibi. Irinsu dabam ne. Na giya ƙanana ne masu yawan ƙwallo da kaurin ɓawo, na ci kuwa manya ne masu tsoka. Amma kurangar iri ɗaya ce, cututtukanta ɗaya ne, askinta da aurenta duk ɗaya, don haka manomi zai ƙaru da kallon ko wace gona ba tare da ya kusanci kwalba ba. In mai gona ya miƙo kofi, sai a gode masa a ce ba a sha, a roƙi ruwan inabi wanda bai tsimu ba. Sun saba da haka, ba su jin haushi.

YAUSHE ZA A TASHI?

Bazarar Faransa tana kamawa wajen 20 ga Maris, ta ƙare wajen 21 ga Yuni. Ba ta yi kama da tamu ba. Mu a nan lokacin gumi ne, zafi ya kan kai digiri 40, su kuwa lokacin ne sanyin hunturu ke sakin ƙasa, itatuwa su fara toho. A kudancin ƙasar cikin Afrilu asuba ta kan yi wajen digiri 7, rana kuma wajen 19 ko 20. Mutumin Gusau zai ji shi kamar tsakiyar ɗari, sai ya tafi da rigar sanyi da safa da takalmi rufaffe.

Wanda ya je a bazara kada ya sa ran ganin 'ya'ya. Kuranga ta kan zubar da ganye ta yi barci da hunturu, a yi mata aski tsakanin Nuwamba da Maris. Idanunta su kan buɗe a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, ta yi fure a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sa'an nan manoman can su kan ƙirga kamar kwana 100 daga fure zuwa tsinka. Kakarsu ke nan daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Ɗan yawon buɗe ido zai ce an yi asara, tun da ba abin ɗanɗanawa. Ga manomi kuwa riba ce, domin a bazara ne a ke dasa sababbin kuringa, a ɗaure rassa a waya, a fizge tohon da ya yi yawa, a fara feshi. Wanda ya je da kaka zai ga albarka ne kawai, wanda ya je da bazara shi zai ga aikin da ya haife ta.

To, sai mu dubi namu lissafi. A ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, Maris da Afrilu watannin sharar gona ne da kai taki. Ruwa ya kan fara taɓawa cikin Mayu, ya zauna cikin Yuni. Gero ba ya jiran kowa, wanda ya makara da shukarsa ya san abin da zai tarar a rumbu. Bayansa ga dawa, ga gyaɗa, ga waken suya, ga auduga. In mutum ya ce sai ya ga furen inabi, ranar da ya ke can yana kallon gonar wani ranar ce ta kamata a ce yana bayan masu shuka a tasa.

Don haka shawararmu ita ce a tashi tsakanin tsakiyar Afrilu da makon farko na Mayu, a yi kwana goma, a komo. Kafin a tashi a tabbata an gama shara, taki ya isa gona, iri yana ɗaki, an kuma bar amintacce wanda zai iya sa a yi shuka in ruwa ya yi sammako. Mai noman rani ya bari sai ya kwashe albasarsa da tumatirinsa. Mai kiwon raguna ya duba kalanda, gama a shekarun nan Babbar Salla tana kewaye da Mayu da Yuni, ba kuwa a barin turke a makon da kasuwa ke ci. Har wa yau a sani ran 1 da ran 8 ga Mayu ranakun hutu ne a Faransa, ofisoshi da kantuna da yawa a rufe su ke.

INA ZA A NUFA?

Sunayen da a ka fi ji su ne Bordo da Burgundi da Shamfen, amma waɗannan na giya ne kusan zalla. Wurin da ya fi dacewa da mu shi ne kewayen birnin Avignon (ana faɗinsa Abinyon), a kwarin kogin Rhône, can kudu. Lardin ana kiransa Vaucluse, shi ne kan gaba a Faransa wajen inabin ci. Ƙasa ce mai rana da ƙarancin ruwan sama da rani, suna ban ruwa kamar yadda mu ke yi, ga kuma Musulmi da yawa, da masallatai da mahautan halal.

Daga Abuja ko Legas jirgin sama ya kan kai Faris cikin awa shida zuwa bakwai. Daga Faris jirgin ƙasa mai sauri, wanda su ke kira TGV, ya kan kai Avignon cikin awa biyu da minti arba'in ko kusa da haka. Wanda ya sayi tikiti da wuri ya kan same shi da rahusa. Daga Avignon zuwa garin Carpentras (Karfantara) rabin awa ne a ƙaramin jirgi. Garin yana gindin wani babban dutse mai suna Ventoux, tsawonsa ya wuce mita 1,900, a gangarensa kuwa a ke noman wani baƙin inabi mai ƙanshi da a ke kira Muscat du Ventoux. Kasuwar Carpentras ran Jumma'a da safe ta ke ci, ta cika titunan gari. Wanda ya ke da sauran kwana da guzuri yana iya ƙarasawa Moissac (Muwasak), kusa da Tuluz, inda a ke noman wani farin inabin ci mai suna Chasselas.

Wajen masauki, ya fi kyau a sauka a ƙauye. Akwai ƙungiyar Gîtes de France, wadda tun 1955 ta ke haɗa baƙi da masu ɗakunan haya a karkara, akwai kuma Bienvenue à la ferme, ta manoman da ke karɓar baƙi a gonakinsu. Ɗaki mai madafa ya fi otel sauƙi, mutum ya dafa abin da ya yarda da shi. Ba a faɗa wa Bafaranshe gona ba sallama. A rubuta masa tun daga gida, a faɗi ko wane ne kai da abin da ka ke so ka gani, a sa rana da sa'a, a kuma cika alkawari. Tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu na rana lokacin abincinsu ne, ba a damunsu. Yawancin manoman ba su jin Turancin Ingilishi sosai, don haka a nemi abokin tafiya mai jin Faransanci. Wannan ba wuya gare mu, tun da ga 'yan'uwanmu na Maraɗi nan kusa.

Tun da hutu ne, a ba ido hakkinsa. A Avignon akwai fadar da Fafaroma ya zauna a ƙarni na 14. Kamar kilomita 25 yamma da birnin akwai Pont du Gard, wata gada mai hawa uku da Rumawa su ka gina shekara kusan 2,000 da su ka wuce don ɗaukar ruwa a kai wa birnin Nîmes. Mai noman rani ba zai gaji da kallonta ba.

ƘWARON DA YA KUSA CINYE ƘASA

Abu na farko da za a duba a gona shi ne gindin kuranga. Kaɗan bisa ƙasa za a ga wani kumburi kamar gwiwa. Wurin aure ke nan, irin wanda mu ka sani a mangwaro da lemo. Kusan ko wace kuranga a Faransa 'yar aure ce, saiwar ta Amurka, kan na Turai. Dalilin haka labari ne da ya kamata ko wane manomi ya sani.

A 1863 kuringa su ka fara bushewa a wani ƙauye mai suna Pujaut, ƙetaren kogi daga Avignon, ba a san dalili ba. Sai a 1868 wani masanin tsirrai na birnin Montpellier, Jules-Émile Planchon, da abokan aikinsa su ka tona saiwa su ka ga wani ɗan ƙwaro mai kama da na darɓa yana tsotsonta. Sunansa filoksera. Daga Amurka ya shigo, cikin dashen da masu sha'awa su ka yi ta kawowa ba bincike. An gwada magani iri iri, har da cika gona da ruwa, ƙwaron bai tsaya ba. Abin da Faransa ke samu ya faɗi daga kimanin lita miliyan 8,400 a 1875 zuwa miliyan 2,300 a 1889, watau bai kai sulusi ba. Ƙauyuka su ka watse, manoma da yawa su ka yi ƙaura. A ƙarshe a ka lura kuringar Amurka ta saba da ƙwaron, ba ya kashe ta, sai a ka tumɓuke gonakin ƙasa kusan duka a ka sake dasawa da 'yan aure.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Dattawa ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar nan mai kuturta gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta lalata gyaɗa a Arewa wajen hekta 700,000. Abin da ya taimaka daga baya shi ne irin Samnut mai jure cutar, wanda masanan Samaru su ka fitar. Darasin ɗaya ne a can da nan: cutar da ta fi ƙarfin feshi, iri mai juriya ke maganinta, kuma annoba ta kan shigo ne cikin kayan matafiyi. Kada wanda ya yanko reshe ya ɓoye a jaka ya kawo mana. Shigo da dashe ko iri sai da izinin hukumar killace kayan gona ta Nijeriya.

SANYI DA ISKA

Abu na biyu, a lura da yadda su ke tsaron toho. Tohon inabi ɗanye ne sharaf, in sanyi ya sauka kamar digiri 2 ƙasa da sifiri da asuba sai ya ƙone ya yi baƙi, amfanin shekara ya tafi a dare ɗaya. Haka ta faru a farkon Afrilu 2021. Ɗumi ya zo da wuri a ƙarshen Maris, kuringa su ka yi toho, sai sanyi ya komo dare uku a jere. Manoma su ka kwana a gona suna kunna gwangwanayen kakin wuta, ɗaruruwa a ko wace hekta, waɗansu na juya manyan fankoki, waɗansu na fesa ruwa. Duk da haka ɓarnar ta yi yawa har gwamnati ta yi alkawarin taimako na yuro biliyan 1. Mu ba mu da irin wannan sanyi, amma muna da ɗan'uwansa, watau ruwan farko mai ruɗi, wanda ya kan sa a yi shuka sa'an nan ya ɗauke mako uku. Abin koyi shi ne yadda manomin can ba ya kwana bai duba labarin yanayi ba, kuma da yawa cikinsu sun sa amfaninsu a inshora.

A kwarin Rhône kuma akwai wata iska mai suna mistral, busasshiya mai sanyi, tana busowa daga arewa, wani lokaci gudunta ya wuce kilomita 100 a awa. Saboda ita za a ga gonakin lambu a yanke ƙanana ƙanana, ko wace da shingen dogayen itatuwa a arewacinta. Wanda iskar hunturu ta taɓa kakkaɓe wa furen tumatir, ko guguwar farkon damina ta binne wa tsiron gero da rairayi, zai gane amfanin wannan nan da nan. Layin dogon yaro ko zogale a gefen da iska ke fitowa ba ya bukatar biza.

SUNAN ƘASA DUKIYA NE

Abu na uku shi ne mafi girma. Bayan an rabu da ƙwaro sai wata masifa ta zo. Kaya su ka yi yawa, 'yan algus su ka cika kasuwa da jabu suna laƙa masa sunayen garuruwan kirki, farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman kudu su ka tashi, wani mai suna Marcelin Albert yana gabansu, har ran 9 ga Yuni mutum fiye da 500,000 su ka taru a Montpellier. Gwamnati ta yi dokar hana algus a wannan wata.

Manoman wani gari kusa da Avignon, Châteauneuf-du-Pape, su ka ƙara gaba. Tun daga 1923 su ka zauna su ka rubuta wa kansu sharuɗɗa: ga iyakar ƙasar da za ta ci sunan garin, ga irin da za a dasa, ga yadda za a tsince a zubar da marar kyau. A 1935 gwamnati ta mai da wannan tsari dokar ƙasa, a 1936 garin ya shiga cikin na farko da su ka sami rajista. Tun daga nan ba mai ikon sa sunan wani wuri a kan kayansa sai a wurin a ka noma shi, bisa sharuɗɗan wurin. Dokar ba ta tsaya ga giya ba. Inabin Moissac ya sami tasa rajista a 1971, na Ventoux a 1997. Akwai kaza mai rajista, da albasa, da barkono, da cuku.

In an je wurin masu inabin Ventoux a tambaye su sharuɗɗansu. Za su gaya maka akwai nauyin da nono zai kai, da zaƙin da zai yi, kuma da almakashi a ke bin ko wane nono a cire 'ya'yan da su ka ƙwarzane kafin a sa a kwali. Wanda bai cika sharaɗi ba a sayar da shi ba sunan, a kuɗi kaɗan. Mai saye a Faris yana biyan ƙari ne don ya san sunan ba ya ƙarya.

Wannan ya iso Afirka. Masoron Penja na Kamaru ya sami irin wannan rajista a 2013, albasar Galmi ta Nijar kuwa sunanta kaɗai ke sayar da ita a Abijan da Ankara. Yanzu sai mu tambayi kanmu. Buhun wake ko waken suya in ya bar Tsafe ko Gusau ya isa Dawanau, ko ya gangara kudu, sunan wa ya ke ɗauke da shi? Ba na kowa ba. An gauraya na mai tsabta da na mai zuba tsakuwa, an saye su kuɗi ɗaya, mai gaskiya ya biya wa maha'inci. Ba sai an jira doka ba. Manoma ashirin na gari ɗaya suna iya yarda a kan iri ɗaya, da bushewa ɗaya, da awo ɗaya, su buga sunan garinsu a buhu, su hana wanda ya karya sharaɗi amfani da shi. Shekarar fari ba za a ga bambanci ba. In a ka daure shekara uku ko huɗu, ɗan kasuwa da kansa zai zo yana tambayar buhun.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Abu na huɗu, a roƙi a kai mutum ya ga jam'iyyar gama kai. Kusan ko wane babban ƙauye a kudu yana da tasa. Wadda ta fi suna cikin na farko ita ce ta Maraussan, wadda ƙananan manoma su ka kafa a 1901 don su kuɓuta daga hannun dillalai. Akwai kuma wata iri da su ke kira CUMA, tun 1945, inda manoma huɗu ko fiye ke haɗa kuɗi su sayi tarakta ko injin feshi, ko wane ya yi aiki da shi a biya gwargwadon awoyin da ya ci. Irin waɗannan sun fi 10,000 a ƙasar. Tambayoyin da za a yi musu su ne waɗanda ke kashe ƙungiyoyinmu: wa ke riƙe da littafin kuɗi, wa ke bincikensa, wa ke fara amfani da inji in kowa na bukata rana ɗaya, me a ke yi wa wanda ya ƙi biya.

Kada kuma a zaci komi lafiya ya ke a can. Mutanen Faransa sun rage shan giya, kaya ya yi kwantai. A 2023 gwamnati ta ware yuro miliyan 200 don a janye rarar daga kasuwa, a Bordo kuma a ka shiga biyan manoma su tumɓuke dubban hekta. Mutanen Gusau sun san wannan ciwo. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa garin ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, auduga da gyaɗa su ka gina shi, ran da masaƙu su ka durƙushe kuma mai auduga ya rasa mai saye. Kuranga sai ta shekara biyu ko uku kafin ta ba da amfanin kirki, ga kuɗin dirkoki da waya da ban ruwa. Wanda zai dasa ya fara sanin wanda zai saya.

TAKARDU DA GUZURI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son tashi a Afrilu ya fara neman biza tun Janairu, gama ana karɓar takardu tun saura wata shida. Ana neman fasfo wanda zai ƙara wata uku da rai bayan ranar komowa, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da komowa, da takardar banki, da inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000. Kuɗin biza yuro 90 ne tun Yuni 2024, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu a Abuja ko Legas, kuma in an hana mutum ba a mayar masa. Hanin kuwa ba kaɗan ba ne, a 2023 da 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na masu nema daga Nijeriya ba su samu ba. Abin da su ke so su gani shi ne mutum yana da abin da zai komo dominsa. Takardar gona, da ta rajistar ƙungiya, da wasiƙar manomin da zai karɓe ka, duk suna taimako. A guji 'yan tsakiya masu alkawarin biza, a kuma komo kafin kwanakin da a ka bayar su cika.

A 2024 yuro ɗaya ya wuce naira 1,500. Kafin a sayi tikiti a zauna a haɗa kuɗin jirgi da masauki da abinci da mota, a mai da su buhunan taki, a dubi lissafin da idon basira. In tafiyar za ta taɓa kuɗin taki, ko ta sa a sayar da shanun huɗa, a fasa. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta aiki mutum biyu, da sharaɗin in sun komo su tara jama'a su ba da labari dalla dalla.

Wajen guzuri a yi hankali. An hana shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko abin da a ka yi da nono, don haka kilishi da dambun nama da man shanu duk za a karɓe su a filin jirgi. Dabino kam an yarda da shi. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi na dare a ƙarshen Afrilu, sai a nemi jadawalin salla na garin da a ka sauka.

A FARA DA KUDAN

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi shafar mai son dasa inabi da gaske. Faransa za ta koya masa tsari, amma kalandarta ba za ta yi masa aiki ba. Can sanyi ne ke sa kuranga barci. Nan ba ta barci, sai manomi ya tilasta mata hutu da aski da rage ruwa, ya kuma shirya yadda 'ya'yan za su nuna da rani, domin ruwan damina da fumfuna su ne manyan abokan gabanta, ga gara a ƙasa, ga tsuntsaye a sama. Manoman Nashik a Indiya, waɗanda ƙasarsu ta fi kama da tamu, sau biyu su ke aski, a Afrilu da Oktoba, su tsinka tsakanin Janairu da Afrilu.

Wannan ilmi yana nan kusa. A ƙasar Kudan, arewa da Zariya, manoma suna noman inabi a kan rumfunan waya, suna kai shi kasuwa. Daga Gusau ta Kwatarkwashi da Tsafe da Funtuwa zuwa Zariya bai kai kilomita 200 ba. A bi hanyar da rana, a kuma tambayi labarinta kafin a tashi, kamar yadda kowa ya saba a wannan zamani. A tambayi mutanen Kudan irin da su ke dasawa, da watan aski, da yawan ban ruwa, da abin da rumfar eka ɗaya ta ci, da wanda ke saye. A biya ta Samaru a ga malaman gona. In an komo a gwada da gindi ashirin ko talatin a gefen lambu, a ga yadda za su yi shekara biyu, kafin a ba su fili.

Wanda ya yi wannan sa'an nan ya tafi Avignon zai san abin da zai tambaya, manomin can kuma zai gane da ɗan'uwansa ya ke magana. Wanda bai sami ikon ƙetare teku ba kuwa bai rasa kome ba, in dai ya riƙe iri mai juriya, da shingen iska, da tsaron sunan garinsu, da haɗa kai da maƙwabta. Allah Ya kai matafiya lafiya Ya komo da su lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.